Amsa: batirin moto ba ya riƙe caji

Malam, ka ce ka sa sabon batiri amma kwana biyu ya sake mutuwa. Kada ka sayi wani tukuna, da wuya laifinsa ne.

Samo mita mai auna ƙarfin wutar lantarki, ka juya ta zuwa DC 20, ka ɗora wayoyinta biyu a kan batiri. Moto a kashe, batiri mai lafiya zai nuna bolt 12.4 zuwa 12.7. Tada moto ka ba ta wuta, ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. In ya zarce 15, regilata, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batiri, ita ce ta mutu: tana dafa batiri, tana ƙone ƙwan fitila.

In bai motsa daga 12 ba, fara da abu mai araha. Duba fiyus, kan batiri, da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen moto. Sannan zare soket ɗin regilata ka leƙa ciki. Ƙurar Damagaram da zafinmu suna cin wurin nan sosai, sau da yawa za ka tarar roba ta narke, baki ya yi baƙi. Kankare shi ka matse.

In duk lafiya, juya mita zuwa AC ka auna wayoyin da suka fito daga bobin, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji. Lamba ta riƙa hawa in kana ƙara wuta. In ba ta hawa, bobin ya ƙone.

In batirin mai ruwa ne, tataccen ruwan batiri (distilled) kaɗai za ka ƙara, ban da asid, ban da na rijiya.