Hukuncin Karanta Ilimin Zamantakewa a Jami'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Karatun lauya na nema a jami'a, sai aka ba ni Soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar ɗan Adam. A zangon farko aka koya mana cewa wani Bature, Emile Durkheim, ya ce al'umma ce ta haifar da addini. Da kawuna ya ji, sai ya ce in bar karatun don kafirci ne. Ya halatta in ci gaba? In na rubuta wannan magana a jarrabawa, imanina ya taɓu?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, karatunki halal ne, ki ci gaba da shi.

Wannan fanni bincike ne kan yadda mutane ke zama tare: aure da saki, gidan gandu da yadda yake watsewa, abin da ke kwaso mutanen ƙauye zuwa birni, dalilin da laifi ke yawa a wata unguwa ya yi ƙaranci a wata. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratul Hujurat, aya ta 13, cewa ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna. Da Annabi (SAW) zai aika Mu'azu ɗan Jabal Yaman, sai da ya sanar da shi cewa Ma'abota Littafi zai tarar, sannan ya tsara masa abin da zai fara kiransu gare shi.

Kawunki ya ɗauka kayan Turawa ne. Sunan dai nasu ne, Auguste Comte mutumin Faransa ya raɗa shi a ƙarni na 19. Amma tun a 1377 Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima, ya kira fannin ilmul umran, ya yi bayanin asabiyya, wato haɗin kan da ke ɗora jama'a kan mulki, da yadda jin daɗi ke sassauta shi har daula ta faɗi. Shi kuwa alƙalin Malikiyya ne a Alƙahira, can ya rasu a 1406. A mazhabar tamu ma, Imam Ƙarafi ya gargaɗi mufti kada ya amsa wa baƙo da al'adar garinsa, ya fara tambayar al'adar garin mai tambayar. Mu kanmu masu fatawa muna da buƙatar wannan ilimi, kuma da yawanmu mun yi sakaci da shi. Ana ta wa'azi kan yawan mutuwar aure da barar yara, amma wa ya zauna ya bi diddigin musabbabinsu gida-gida? Ina ganin samun masu yin haka cikin Musulmi farilla ce ta kifaya.

Sai dai tsoron kawunki ba a banza yake ba. Comte ya ɗauki addini matakin yarintar tunanin ɗan Adam. Durkheim ya ce jama'a kanta take bautawa ba ta sani ba. Karl Marx ya kamanta addini da kayan maye. Waɗannan ba abin da aka ƙidaya aka gano ba ne, aƙidar masu su ce, kuma ɓata ce. Abin da suka lura da shi a zahiri kuwa ana iya ɗauka. Binciken Durkheim na 1897 ya nuna masu kashe kansu sun fi yawa cikin waɗanda alaƙarsu da jama'a ta yi rauni, wannan kuma bai ci karo da abin da muka sani na zumunci da jam'i ba.

Batun jarrabawa mai sauƙi ne. Ƙa'idar malamai ita ce hakaito kafirci ba kafirci ba ne. Alƙur'ani kansa ya kawo maganar Fir'auna ta cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka. Ki rubuta "Durkheim ya ce", ki jingina masa maganarsa, zuciyarki na ƙin ta.

Sharaɗina ɗaya ne: kada karatun tauhidinki ya tsaya inda kika baro shi a Islamiyya. Duk shubuhar da ta tsaya miki a rai, ki kai ta wurin malami, kada ki kwana da ita. Kawunki kuma ki karanta masa wannan amsa cikin ladabi.

Wallahu a'alam.