Amsa ga mai tambaya kan hawan duwatsun Lamington da kwana a daji

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kun zo Brisbane karatu bara, ku huɗu ne, kuna so ku yi hayar jif ku tafi gandun dajin Lamington a hutun Janairu, ku kwana biyu a tanti, kana tambaya ko sai da babbar mota. Shekara shida ina zirga-zirga a wajen nan, kuma abin da zan fara gaya maka ba zancen mota ba ne, zancen watan da kuka zaɓa ne.

A wannan yanki na Ostireliya damina daga Disamba take zuwa Maris, Janairu kuwa tsakiyarta ce. Dutsen ya haura mita 900, hazo yana iya rufe shi da rana tsaka, kuma ruwan can ba irin namu ba ne da zai zuba awa guda ya ɗauke rana ta fito. Yakan yi kwana da wuni yana zuba. Idan kuna da halin ɗagawa, ku bari sai tsakanin Mayu da Satumba. Akwai sanyi mai shiga ƙashi da dare, amma ƙasa a bushe take.

Game da mota: zuwa Green Mountains, sashen gandun da masaukin O'Reilly's yake, kwalta ce tun daga garin Canungra, kilomita talatin da 'yan kai. Ƙaramar mota ma tana hawa lafiya. Sai dai hanyar siririya ce, kwana a kan kwana, wani wurin mota ɗaya kawai take wucewa. Wanda ya taɓa hawa Mambila daga Mayo Selbe ya san irin abin da nake nufi. Wajen saukowa ka sa ƙaramar giya, kada ka ɗora wa birki duk aikin, zai yi zafi ya fara wari.

In hanyar ƙasa kuke sha'awa, sai ku tsallaka jihar New South Wales, gandun Border Ranges ta wajen Kyogle. A can na sha kashi. Watan Fabrairu ne, an yi ruwa kwana uku, na ce ai motata tana ja da taya huɗu, me zai same ni? Jar ƙasar dutsen nan idan ta jiƙe kamar sabulu take. Tayoyin suka cika da laka suka zama sumul, na taka birki a gangare, motar ta juya gefe a hankali kamar wasa, ƙafar baya ta faɗa kwalbati. Ba sabis a waya ko ɗigo. Daga azahar har bayan la'asar muna tono da shebur ɗaya, muna cusa rassa ƙarƙashin taya, sai da wani dattijo manomi ya zo wucewa ya fizge mu da igiya. Bai ce komai ba, kallon tayoyina kawai ya yi ya girgiza kai. Tun daga ranar ba na shiga hanyar ƙasa da mota ɗaya, kuma ina rage wa taya iska kafin in shiga. Ka kuma karanta takardar hayar da kyau, da yawa inshorarsu ba ta biyan ɓarnar da ta faru a inda babu kwalta.

Tafiyar ƙafa kuwa, kada ku fara da Border Track. Kilomita 21 ce daga Green Mountains zuwa Binna Burra, wani sashen gandun, wuni guda cur, kuma sai kun tanadi wanda zai ɗauko ku a ɗaya ƙarshen. Ku fara da gadar igiya da ke bi ta saman bishiyoyi, sannan magangarar ruwa ta Morans Falls, wajen kilomita huɗu da rabi zuwa da dawowa. Washegari in ƙafa ta yarda ku gangara wata magangarar ruwan, Elabana Falls. Kada ku bar hanya ko da taku goma ne. A dajin nan jirgin sama ya faɗi a 1937 da mutum bakwai, aka yi ta nema a wani waje daban, sai bayan fiye da mako guda Bernard O'Reilly, ɗan gidan masu masaukin nan, ya ratsa daji da ƙafa ya tarar da biyu da rai.

Matsattsaku ne sarakunan wurin in an yi ruwa. Ba ka jin kamunsu, sai ka cire safa za ka yi alwala ka ga jini yana tsiyaya. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka fesa maganin sauro a kan takalmi. Akwai kaska kuma, ku duba jikin juna da yamma. Akwai wata bishiya mai faffaɗan ganye kamar zuciya, ƙaiƙayin ƙarara wasa ne a kanta, ko busasshen ganyenta da ke ƙasa kada ka taɓa.

Wurin kafa tanti sai an kama ta intanet tun kafin a zo. Ku taho da ƙaramin murhun gas, ba a tsintar itace a gandun. Nama ku saya tun daga Brisbane, wajen unguwar Kuraby akwai mahautan halal, a saman dutse ba za ku samu ba. Ku rufe abinci cikin mota, don talotalon dajin nan ɓarawo ne na gasken gaske, da idona na ga ya ja ledar burodinmu ya shige duhuwa muna sallar asuba. Af, alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa. Ka duba ta tun kana da sabis, don ranar farko ni gabas na fuskanta bisa sabo, sai da abokin tafiyata ya juyo da ni.

Ka faɗa wa wani inda za ku da ranar dawowa. Lambar gaggawa 000 ce. In kun ɗaga zuwa Yuni ka yi mini magana, ina da tanti na mutum huɗu da igiyar jan mota a ajiye.