Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Bradford, kan majami'ar Yahudawan unguwarsu

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ina taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu a Jami'ar Bradford da ke Ingila, Allah ya sanya albarka. Ka ce ɗakin da ka kama a Manningham yake, ka duba taswira ka ga majami'ar Yahudawa kusa da gidan, hankalin Hajiya kuma ya tashi. Ka kuma tambaya ko ya dace ɗalibi Musulmi ya shiga aikin sa kai da irin waɗannan wurare suke shiryawa.

Ka fara kwantar wa Hajiya da hankali. Manningham unguwar Musulmi ce, galibi 'yan asalin Pakistan, ga masallatai ga mahautan halal. A ƙidayar 2021, kusan mutum uku cikin goma a gundumar Bradford Musulmi ne. Yahudawan garin kuwa 'yan kaɗan ne, yawancinsu tsofaffi. Ginin da ka gani a titin Bowland an buɗe shi a 1881, zamanin da Yahudawa 'yan kasuwar ulu daga Jamus suke da ƙarfi a garin, har ɗayansu, Jacob Moser, ya zama magajin gari a 1910. Da salon ginin Andalus aka yi shi, in ka tsaya a gabansa sai ka ɗauka tsohon masallaci ne. Da jama'arsa suka ragu, rufin ya fara yoyo, kuɗin gyara ya gagara, Musulmin unguwar ne suka tashi a 2013 suka haɗa gudummawa. Shugaban wurin a lokacin, marigayi Rudi Leavor, yana yaro iyayensa suka gudo da shi daga Berlin a 1937. Daga baya har Yahudawan suka sa wani Musulmi a kwamitin gudanarwarsu.

Sai dai wurin ƙarami ne, ba kullum ake buɗe shi ba. In kana son ganin rayuwar al'ummarsu sosai, sai Leeds, tafiyar kamar minti ashirin a jirgin ƙasa, musamman unguwannin Moortown da Alwoodley.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ibada kashi ɗaya ce kawai cikin aikin majami'a. Kowane gida yana biyan kuɗin zama mamba duk shekara, kuma a wurare da yawa har da kason jana'iza a ciki. Idan mutum ya rasu, akwai ƙungiyar 'yan sa kai da suke kira chevra kadisha, su za su yi masa wanka, su sa shi a farin likkafani, a binne shi da wuri. Sannan iyalinsa su yi zaman makoki na kwana bakwai, maƙwabta na kawo musu abinci. Akwai masu jerin sunayen marasa lafiya da tsofaffin da suke zaune su kaɗai, kowa da ranar da zai leƙa su. Yara kuma suna da makarantar ƙarshen mako, cheder, kamar Islamiyyarmu, inda suke koyon Ibrananci da karatun Attaura. Yaro in ya kai shekara 13 zai tsaya gaban jama'a ya karanta rabonsa daga naɗaɗɗen littafin, bayan ya shafe watanni yana bita. Manya ma suna da darussan dare.

Wannan tsarin ne dalilin da ya sa nake so ka je ka gani da idonka. Duk Yahudawan Ingila da Wales ba su kai dubu ɗari uku ba a ƙidayar 2021, amma ba a barin gawarsu tana jiran karo-karo. Mu Hausawan da ke nan Birtaniya fa? Sai an yi rasuwa za ka ga saƙo yana yawo a WhatsApp ana neman gudummawar kabari, kuma 'ya'yanmu da yawa gaisuwa kaɗai suka iya da Hausa. Mutanen kirki muna da su. Rajista da ma'aji da wanda zai zo taro a kan lokaci ne muka rasa.

Batun aikin sa kai, hanya mafi sauƙi ita ce Mitzvah Day, ranar ayyukan alheri da Laura Marks ta kafa a 2005, ana yin ta duk watan Nuwamba, kuma kowa na iya shiga. Ana tara abinci da tufafi, ana dafa wa marasa gida, ana ziyartar gidajen tsofaffi. Wasu majami'u kuma, musamman a Landan, suna karɓar masu neman mafaka wata-wata, da yawansu ma Musulmi ne. Ba wanda zai ce ka shiga ibadarsu, domin ba su da al'adar jawo mutane cikin addininsu. Ni a ganina ɗaukar kwalin abinci zuwa gidan mabuƙaci bai taɓa aƙidar kowa ba, kuma ka san Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude. Zama cikin ɗakin ibada lokacin da suke addu'a kuwa, wannan ka tambayi malaminka.

Kada ka tashi kawai ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa. Ka aika saƙo tukuna, ka faɗi sunanka da makarantarka. Akwai masu gadi, za su yi maka tambayoyi, kada ka ɗauka don kai Musulmi ne ko baƙar fata. Kowa ake yi wa, balle tun harin 2 ga Oktoba 2025 a majami'ar Heaton Park da ke Manchester, ranar babban azuminsu, inda masu ibada biyu suka rasa rayukansu. Kada ka shiga kicin ɗinsu da abincinka, don ba sa haɗa nama da madara, har tukwane a rabe suke. Alade haramun ne a wurinsu, amma giya ba haramun ba ce, saboda haka ɗan ƙaramin kofin da ake miƙawa bayan ibadar Asabar ka tambaya kafin ka karɓa. Yawanci akwai ruwan inabi marar sa maye a gefe. Wajen masu riƙo da tsohuwar al'ada, ba a taɓa waya daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, kuma mace ba za ta ba ka hannu ba, wanda dai ba baƙon abu ba ne gare ka.

Gaza za ta zo maka a rai, na sani. Ba a ce ka sauya ra'ayinka ba. Amma tsohuwar da take yanka albasa kusa da kai ba ita ce gwamnatin Isra'ila ba, kuma su kansu bakinsu bai zo ɗaya a kan yaƙin ba. In an tambaye ka, ka faɗi gaskiyarka cikin ladabi.

Ka kula da bizarka. Awa 20 a mako aka yarda ka yi aiki lokacin karatu, kuma aikin da ba a biya amma yake da ƙayyadadden lokaci da wajibcin zuwa ana iya lissafa shi a ciki. Ka nuna wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ka sa hannu a komai. In aikin ya shafi yara ko tsofaffi, za a binciki tarihinka, binciken da ake kira DBS, kuma tunda sabon zuwa ne kai, za su iya neman takardar shaidar hali daga 'yan sandan Najeriya. Ka karɓo ta tun kana gida.