Amsar tambayarka kan ganuwar Kano

Auwalu ɗana, na ga saƙonka, wai malaminku na injiniya ya ce ba a ta da katanga sai da lissafi, kai kuma kana tambaya ko magabatanmu da ido kawai suka yi ganuwa. To da ido ne, amma kar ka ɗauka kame-kame ne.

Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa ya zo ya faɗaɗa ta, ba wanda ya riƙe biro da takarda. Suna da awonsu dai, taki da kamu da gaba, amma ƙarfin katanga a ƙasar ake gane shi. Magini zai damƙi ƙasar kududdufi ya murza, ya san ko ta yi yashi da yawa ko yumɓu ya fi ƙarfinta za ta tsage in ta bushe, a kwaɓa a tattake a bar ta ta kwana, a ɗora sahu ɗaya a jira ya sha iska kafin a ɗora wani. Gindi kuma dole ya yi faɗi sosai, tana hawa tana tsukewa, in gwani ya ja baya ya hango ta miƙe tsaye cak zai ce a rushe a sake, don ya san damina ɗaya za ta kwantar da ita.

Da Turawa suka zo a 1903 ai igwarsu ba ta iya fasa jikin ganuwar ba, harsashi sai dai ya nutse cikin ƙasa, ta Ƙofar Kabuga suka samu shiga.

Abin da 'yan boko ke mantawa, idon nan ba shi kaɗai yake aiki ba, bayan damina akan fito aikin gayya a bi inda ruwa ya zaizaye a cike, ko'ina aka ga tsaga a toshe. Da aka daina wannan, ga masu ɗibar ƙasa ga masu yanka filaye, kai ma ka ga yadda ta koma, wallahi abin na ci min rai.

Ka riƙe lissafinka da kyau, siminti da rodi ba sa nuna ciwonsu a fili kamar jar ƙasa, can ido zai yaudare ka. Amma in ka zo hutu zan kai ka wurin wani tsohon magini a cikin gari, ka je da littafinka ka auna kaurin da yake ba gindin katanga, ka gwada da naku na makaranta ka faɗa min abin da ka samu. Ka gaishe min da babarka.