Muryar da aka turo guruf kan ƙattin layin gaba

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ga tambayarka tun da rana. Ka ce waɗancan ƙattin da ke durƙusawa a layi a ƙwallon Amurka me suke yi ban da ture-ture. Ni na san inda ka dosa, so kake ka ce duk mai tumbi zai iya. To wallahi ba haka abin yake ba.

Layin nan biyu ne. Akwai mutum biyar masu tsare mai jefa ƙwallo, wato kwatabak, su ne za ka ga kilo 140 har da ɗoriya. Sai na ɗaya ɓangaren, masu kutsawa su cafke shi. Ɗauki Osi Umenyiora, ɗaya daga cikin masu kutsawar. Iyayensa Ibo ne, a Landan aka haife shi a 1981, ya yi yarintarsa a Najeriya, yana shekara 14 aka kai shi jihar Alabama a Amurka. Sai a sakandare ya fara sa hular kwanon nan. Da ya gama, jami'a ɗaya tak ta ba shi sikolashif, Troy State, ƙaramar makaranta in ana maganar ƙwallo. Can ta jami'a ake bi, babu zancen akademi irin na Turai. Da farko tsakiya suka sa shi, daga baya suka mai da shi gefe, nan ne gudunsa ya fito. Taron gwajin da ake yi wa matasa a Indianapolis ko gayyatarsa ba a yi ba. Duk da haka a 2003 ƙungiyar New York Giants ta NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, suka ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa, mutum na 56.

Yanzu saurari wannan, don shi ne amsarka. Ƙarshen Satumba 2007, Giants da Philadelphia Eagles. Mai tsaron hagun Eagles ya ji ciwo, aka sa wani yaro, Winston Justice, ranar ya fara fitowa a sahun farko. Kuma ka san hagu shi ne bayan kwatabak mai jifa da dama, ba ya ganin abin da ke tahowa. Yaron nan ya fi Osi nauyi nesa ba kusa ba. Amma Osi zai kafa hannu ɗaya a ƙasa, idonsa kan ƙwallo, tana motsi ya riga ya tashi. Kafin ƙaton ya ja da baya taku biyu an doke hannunsa an kewaye shi. Sau shida ya kayar da kwatabak ɗin Eagles, Donovan McNabb, a wasa ɗaya. Shida! Tarihin kayar da kwatabak a wasa ɗaya, wanda wani ɗan wasa Derrick Thomas ya kafa a 1990, bakwai ne. Giants gaba ɗaya sau 12 suka kai McNabb ƙasa ranar. Ni kocin Eagles nake ganin laifinsa, kana kallon ana cin yaro haka ba za ka turo wani ya taya shi ba? Ko mai gudu da ƙwallo ka tsayar a gefensa mana. Kai, bar wannan ma.

Abin da Osi ya fi ƙwarewa a kai shi ne ya maki hannun kwatabak ƙwallo ta suɓuce, a 2010 sau 10 ya yi wannan. Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin NFL, biyu ya ci, na farkon 2008 da na 2012, duka a kan New England Patriots, kuma a na farkon Patriots sun zo da wasa 18 ba a doke su ba. Kakar 2008 gwiwa ta zaunar da shi gaba ɗaya, ya dawo, ya ƙarasa a Atlanta Falcons, 2013 da 2014. Yanzu shi ke neman yara masu jiki a Afirka, har sansanin gwaji NFL ta yi a Ghana a 2022.

Wancan Super Bowl na 2012 kuwa, mai gidan kallon unguwarmu na biya kuɗin man janareta tun da magariba, don sai bayan sha biyun dare ake farawa. Ƙarfe ɗaya saura ya ce shi ba zai kwana yana kallon dambe da hular kwano ba, ya kashe ya rufe. Kuma yana cikin guruf ɗin nan yana ji na. Alhaji, kuɗin man nan har yau ina jira.