Mai rabin jikin na'ura yana mutuwa kuwa?

Malam, ka tambaya ko jarumin labarin kimiyya da aka haɗa jikinsa da na'ura zai iya mutuwa da gaske. Duba ƙwaƙwalwarsa. In ta asali ce, da jini da iskar oksijin take rayuwa. A yanke mata su na 'yan mintuna, ƙwayoyinta sun fara mutuwa, ko da hannun ƙarfen yana motsi.

Inda marubuta ke tuntuɓe shi ne su kwafe tunaninsa a kwamfuta, su ce ya dawo. To in aka kunna kwafi biyu, wanne ne shi? Ni dai ban gamsu ba. Kar kuma ka haɗa shi da mutum-mutumi zalla, wanda lalacewa yake yi a gyara.

In labari kake rubutawa, nemi likitan ƙwaƙwalwa ya fayyace maka. Batun ruhi kuwa, sai malamai.