Tarkacen roka zai iya faɗo wa jirgin mahaifiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, mahaifiyata za ta tafi Umara watan gobe daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Kwanaki na ga bidiyon roka ta tarwatse a sama ana karkatar da jirage, ga kuma jerin fitilun nan da ke wucewa bayan magariba, ana ta yaɗawa a WhatsApp wai jirage na karo da su. Wallahi barci ya gagare ni. Wa ke raba musu hanya? Daga wata mai bibiya, Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki. Allah ya kai Hajiya lafiya, ya karɓi ibadarta.

Jerin fitilun nan taurarin ɗan'adam ne na Starlink, masu kai wa mutane intanet, da ba a daɗe da harbawa ba, hasken rana ne ke dukansu. Ko a lokacin da kike ganinsu a jere sun haura kilomita 200, daga baya su ƙara hawa sama sosai. Jirgin Hajiya kuwa tsakanin kilomita 10 zuwa 12 zai bi. Duk wanda ya ce miki suna karo bai san abin da yake faɗa ba, kada ki tura saƙon gaba.

Roka ce ke da magana, domin dole ta ratsa ta hanyar jirage wajen hawa, tarkacenta ma haka wajen saukowa. Bidiyon da kika gani mai yiwuwa na Starship ne, wata babbar rokar kamfanin SpaceX na Amurka, wadda ta tarwatse ranar 16 ga Janairu 2025 a yankin Karebiyan. Karkatar da jiragen da aka yi shi ne aikin da ya kamata. Kafin a harba roka ana fitar da sanarwar da mu masu ba jirage hanya muke kira NOTAM, a shata yankin haɗari da lokacinsa, kowane matuƙi ya karanta kafin ya tashi. Samaniyar Najeriya baki ɗaya ma da sunan Kano aka san ta a taswirar jirage ta duniya, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, wato NAMA, ke kula da ita daga cibiyoyin Kano da Legas. Balan-balan masu shawagi wajen kilomita 20, irin na kamfanin Loon da suka kai intanet Kenya a 2020, su ma a bisa jirage suke zama, hawa da saukarsu ake tsarawa.

Inda ake da giɓi shi ne gangar roka mai faɗowa ba linzami. Tana gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa, kuskuren minti goma a lissafi ya zama dubban kilomita. Shi ya sa Sifaniya ta rufe wani sashe na samaniyarta ranar 4 ga Nuwamba 2022 saboda rokar Sin, jirage kusan 300 suka makara. Duk da haka, har yau ba a tabbatar da jirgin fasinja ko ɗaya da tarkacen roka ya kayar ba.

Ni abin da ke hana ni sukuni a bakin aiki yana nan ƙasa, cikin unguwanninmu: diron, wato ɗan ƙaramin jirgin nan marar matuƙi na masu ɗaukar bidiyon biki. Kullum sai na ji mai cewa "ai sama faɗi gare ta", ko "ai radarku za ta gani", ko "ɗan wannan abin me zai yi wa jirgi?" Duka ukun kuskure ne, kuma rai yake ci.

Sama na da faɗi, amma hanyar sauka siririya ce. Jirgi na gangarowa a kan kusurwar digiri 3, wato idan saura kilomita 2 ya taɓa titi, tsayinsa bai fi mita 100 da 'yan kai ba. Daidai nan diron ke shawagi. Filin jirginmu kuma gari ya riga ya kewaye shi, mutanen Gwammaja ba su manta da jirgin da ya faɗo musu a watan Mayun 2002 ba. Wannan ba diron ya jawo shi ba, amma ya nuna wa ke ƙarƙashin hanyar.

Batun rada kuwa, jirgi muna ganinsa sosai ne domin yana ɗauke da na'urar da ke amsa mana da lambarsa da tsayinsa. Diron ɗin kasuwa ba ya amsa mana komai. Rokar da za a harba mun san ranarta da sa'arta, shi kuwa sai matuƙi ya kira a rediyo ya ce ya ga wani abu ya gifta. A gudun kilomita 250 a awa, cikin hazon hunturu, yaushe zai gani balle ya kauce? Tsuntsu ma, da yake nama da gashi ne, yana kashe inji, ina ga batir da ƙarfe. A Gatwick ta Ingila, Disambar 2018, rahoton ganin diron kaɗai ya shafi jirage kusan 1,000 da fasinja wajen 140,000.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu koyar da tuƙin diron na kwana biyu, su karɓi kuɗin yara, har su koya musu cire takunkumin da kamfani ya sa don kada na'urar ta tashi kusa da filin jirgi. Su ji tsoron Allah. Doka ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ko da ba doka, mutum ɗari uku na cikin jirgin nan, kowanne akwai mai jiransa a gida kamar yadda za ki jira Hajiya.

Don haka Malama, idan bikinku ya zo a Kurna ko Fagge ko Sabon Gari, mai bidiyo ya fito da diron, ki sa mazan gidan su tambaye shi takardar izini. In babu, ya mayar da shi jaka, ya ɗauka daga ƙasa.